A daina kashe wutar inji ba a san abin da ya kunna ta ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina gyaran wutar mota a nan Tawa, kuma ina bin shirinku na direbobi. A wani shiri da ya wuce, wani bawan Allah ya buga waya yana kukan cewa wutar inji, mai ruwan ɗorawa ɗin nan ta kan tablo, ta ƙi mutuwa a motarsa. Aka ba shi shawara ya cire kan batir na ɗan lokaci. Wutar za ta mutu kam, amma bayan kwana biyu za ta dawo, kuma an goge shaidar da mai gyara zai bi.

Motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Lome galibi suna da wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari. Amurka ta wajabta ta tun 1996, Turai kuma a 2001 ga motocin fetur. A nan ake jona na'urar bincike, kwamfutar motar ta fito da lamba. To amma lambar ba ta ce wani abu ya mutu ba, wurin da aka ga awo ya saɓa kawai take nunawa. In ta ce P0171, ma'ana iska ta yi yawa a kan mai. Sai ka ga yaro ya ruga kasuwa ya sayo sansar salansa, wato na'urar da ke auna iskar oksijin cikin hayaƙi, alhali wani tiyo ne ya tsage yana shan iska ta bayan fage, ko kuwa ƙurar hunturu ta lulluɓe sansar da ke auna iska bayan filta. Mu da muke bakin hamada, wannan ita ce cutar yau da kullum. Zaren da ke cikin sansar iskar siriri ne ƙwarai, ba a taɓa shi da yatsa ko tsumma. Ana fesa masa maganinsa, a bar shi ya bushe.

Sansar salansa kuwa, in ita ce ta gaji, ana gane ta. Tsohuwar irin, idan inji ya yi zafi, awonta yana hawa da sauka tsakanin 0.1 da 0.9 na bolt ba tsayawa. In ya tsaya cik, ko yana jan ƙafa, sai a duba wayarta tukuna, domin zafin salansa yana cinye roba, ɓera ma yana nasa aikin. Sai wayar ta fita lafiya sannan a yi maganar saye. Wanda ya ƙyale ta kuma, aljihunsa zai gaya masa, don motar za ta riƙa shan mai fiye da ƙima, buji ya yi baƙi.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu sayar da mota da ke cire ƙwan wutar, ko su manna masa baƙin salatif ta ciki. Mai saye ya murɗa makulli ba tare da tayar da inji ba: dole wutar ta kama tare da sauran, ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, an yi mata aiki. Wasu motocin kuma an fasa tukunyar tace hayaƙi an sayar da cikinta saboda ƙarfe mai tsada da ke ciki. Irin wannan, lambar P0420, mai nuna tukunyar ba ta tace hayaƙi yadda ya kamata, za ta yi ta dawowa ko sansa nawa aka canja.

Don Allah ku gaya wa masu sauraro bambanci guda: wuta mai tsayawa tana ba ka damar kai mota gareji a hankali, amma mai ƙiftawa tana nufin inji yana tsallake wuta, ɗanyen mai yana zuba cikin salansa. Wanda ta yi wa haka a hanyar Ƙonni, ya sassauta, ya tsaya a gari na farko.

Ku gayyato mai gyara da na'urarsa cikin shirin, a bar direbobi su yi masa tambaya kai tsaye.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronku, daga Tawa