Wa ya gaya wa baƙonku Barume da Turancin Landan yake magana?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Baƙon da kuka kawo a shirin fina-finai na ranar Asabar ya ɓata mini rai, mai gabatarwar kuma ya fi shi, don shi ne ya zauna yana ta "haka ne, haka ne" bai tanka masa ba. Wai Denzel Washington ya lalata Gladiator II saboda ya yi magana da Turancin Amurka, wai da ka ji muryarsa ka san "wannan ba Barume ba ne". To shi Barumen da wane Turancin yake magana? Wallahi sai da na rage sautin rediyon, kada yarana su ɗauka ilimi ake ba su.

Rumawa da Latin suke magana, a gabashin daular kuma Girkanci ya fi yawo. A zamanin da fim ɗin yake ba da labari, Turancin ma bai zo duniya ba. Wannan Turancin Ingila da kunnen baƙonku ya saba ji a bakin Kaisar, 'yan fim ne suka dasa shi. A Spartacus na 1960, Laurence Olivier ɗan Ingila aka ba babban Barume mai mulki, Kirk Douglas ɗan Amurka aka ba bawa, don mai kallo a Amurka ya gane azzalumi tun daga murya. Aka yi ta maimaitawa har mutane suka ɗauka tarihi ne. Mu ma ai muna yi a finafinanmu na gida: sarki da attajiri da Hausar birnin Kano, wawa da ɗan aike kuma a laƙaba musu karin harshen ƙauye ko gwarancin baƙo, a yi ta dariya.

Ni ban yi jami'a ba, birkila ne. Amma na yi aiki a Libiya zamanin Gaddafi, a garin Khums da ke gabas da Tarabulus. A gefen garin akwai kufan da mutanen wurin ke kira Labda, Turawa kuma Leptis Magna. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci can muke zuwa shan iskar teku, ni kuwa da idon magini ba na gajiya da kallon haɗin duwatsun. Akwai wata ƙofa mai fuska huɗu a mararrabar hanya, an gina ta ne don girmama Sarki Septimius Severus. A tsohuwar kasuwar na sa hannuna cikin ramukan da aka fafe a teburin dutse don awon hatsi, na ga allon dutsen da aka zana tsawon kamu a kai don kada mai yadi ya cuci mai saye. A bakin gidan wasan kwaikwayonsu kuwa rubutu iri biyu ne a dutse guda: Latin da haruffan boko, sai wani da ke tafiya daga dama zuwa hagu amma ba Larabci ba ne. Mai gadin wurin ya ce mini Funik ne, harshen da 'yan garin ke yi a gida da kasuwa.

Shi Severus ɗan garin nan ne. An haife shi a 145, ya hau mulkin Rum a 193, ya mutu a 211 a birnin York, lokacin da yake yaƙi a arewacin tsibirin Birtaniya. Ka ji fa, Malam Edita: Ingilar da baƙonku yake alfahari da Turancinta, a ƙarƙashin ɗan Libiya take a lokacin. Tsohon littafin tarihin sarakunan Rum ya ce har ya tsufa karin harshen Afirka bai bar bakinsa ba. Ya ce ma 'yar'uwarsa ta taɓa zuwa masa ziyara, Latin ɗinta duk a karye, kunya ta sa ya haɗa mata kyauta ya mayar da ita gida. Littafin ya kuma ce Hadrian, wanda danginsa 'yan Sifen ne, majalisar dattawa ta taɓa yi masa dariya saboda yadda yake furta kalmomi tun kafin ya zama sarki. Su kansu sarakunan ba su da baki ɗaya, amma baƙonku yana nema wa Denzel "sahihin" karin harshe.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda bai faɗa ba. Sarakunan nan biyu na cikin fim ɗin, Karakala da Geta, 'ya'yan Severus ne. Uwarsu Julia Domna 'yar Homs ce a Siriya. Uba ɗan Libiya, uwa 'yar Sham, sai ga shi an ɗauko samari biyu farare fat, an ƙara lafta musu farar hoda, ga jan gashi. Akwai hoton iyalin da aka zana a kan katako tun suna raye, yana gidan tarihi a Berlin, uban ya fi matarsa duhun fata a fili, an kuma kankare fuskar Geta bayan wansa ya sa an kashe shi. A kan wannan baƙonku bai ce uffan ba. In an farar da ɗan Afirka ba laifi, sai in an ga baƙi a fadar Rum ne tarihi ya lalace?

Ban ce Makrinus, wanda Denzel ya fito a matsayinsa, kalarsu ɗaya ba. Mutanen bakin tekun can da na zauna da su akwai farare, akwai wankan tarwaɗa. Amma ɗan Afirka ne, daga garin da yau ake kira Cherchell a Aljeriya, har marubuci Cassius Dio ya yi masa gorin hujin kunne irin na mutanen ƙasarsa. Kuma masanin shari'a ne da ya zama shugaban dogaran sarki, ba tsohon bawa mai fataucin 'yan dambe ba kamar yadda fim ya nuna. Ya karɓi mulki a 217 bayan an kashe Karakala, ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni, bai taɓa taka birnin Rum yana sarki ba. Ga ƙaryar da ta kamata a tona, aka bar jaki ana dukan taiki.

Ku gayyato malamin tarihi daga ɗaya daga cikin jami'o'inmu ya gyara wannan ɓarnar a shirin nan dai, ba a wani lokacin da kowa ya yi barci ba.

Sannan don Allah ku duba tallar maganin basir da na ƙarfin maza da kuke cusawa a tsakiyar shirin. Sautinta ya ninka na shirin, kalmomin kuma ba na jin mutum da 'ya'yansa ba ne. Duk ta shigo sai matata ta tashi ta bar ɗakin. Na kira layinku in yi ƙorafi, katina ya ƙare ina jira ba wanda ya ɗauka.

Naku mai saurare,
wani birkila daga Kano.