A Gyara Maganar Genesis da Phil Collins

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sauran ma'aikata. Na daɗe ina sauraron shirinku na tsofaffin waƙoƙin Turai, kuma a makon jiya mai gabatarwa ya faɗi wata magana da ta tsaya mini a rai. Cewa ya yi wai ƙungiyar mawaƙan Ingila mai suna Genesis ta mutu tun ranar da babban mawaƙinta Peter Gabriel ya bar ta, duk abin da ya biyo baya neman kuɗi ne. A yi mini afuwa, ban yarda ba, kuma shaidata ita ce faifan A Trick of the Tail wanda ya fito a Fabrairun 1976.

Gaskiya ne Gabriel ne fuskar ƙungiyar. Shi ke hawa dandamali yau sanye da kan dila, gobe da kan fure, yana ba da labarai kafin a fara waƙa. Da ya tafi a 1975, bayan rangadin faifansu The Lamb Lies Down on Broadway, mutane da yawa a Ingila sun ɗauka an gama. Sun manta cewa yawancin kiɗan daga hannun sauran yake fitowa: Tony Banks, Mike Rutherford, Steve Hackett da kuma mai ganga, Phil Collins.

Labarin neman sabon mawaƙi shi ya fi ba ni dariya. Sun sa talla a jaridar Melody Maker, ɗaruruwan mutane suka amsa. Wa ke koya wa masu gwajin yadda ake rera waƙoƙin? Collins. Haka suka shiga ɗakin ɗaukar sauti na Trident a Landan ba mawaƙi, suka ɗauki kiɗan zalla. Wanda suka gayyato ya gwada waƙar "Squonk" abin ya gagare shi, sai Collins ya karɓa ya rera. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki! Ashe tun 1970 mutumin da suke nema yana zaune a bayansu yana buga ganga.

Malam Edita, a saurari faifan nan kafin a yanke hukunci. Waƙar farko, "Dance on a Volcano", da bugu bakwai-bakwai take tafiya, wanda ya ce zai taka rawa da ita sai ƙafa ta harɗe. Mai neman kasuwa ba da wannan yake buɗe faifai ba. "Entangled" da "Ripples" kuwa sanyi gare su, jita mai tsirkiya 12 tana ta zuba. Sannan "Los Endos" ta rufe, kusan kiɗa ce zalla, tana dawo da amon waƙoƙin da suka gabata. Ni dai ita na fi so. Faifan ya kai matsayi na 3 a Birtaniya, kuma da za su fita rangadi sai suka ɗauko Bill Bruford, tsohon mai gangar ƙungiyoyin Yes da King Crimson, domin Collins ya samu fitowa gaba.

Inda na ba mai gabatarwa gaskiya shi ne, bayan tafiyar Hackett a 1977 waƙoƙinsu sun yi ta gajarta har suka koma irin na rediyo. Wannan Collins ɗin ne yawancinmu muka sani a kaset, na "Another Day in Paradise". Amma shekaru 13 ne tsakaninta da faifan da nake magana.

Roƙona, a sa mana "Los Endos" a shiri mai zuwa, kuma don Allah kada a katse ta da talla.

Naku mai sauraro,
daga Zariya