Sanarwa: Kayan gaggawa a mota kafin ƙanƙara ta sauka

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da warhaka.

Hunturu ya kawo jiki, don haka kowa ya haɗa kayan gaggawa a but kafin ranar Lahadi, ya turo hotonsu a rukunin nan.

A tanadi bargo mai kauri, safar hannu, tocila da ƙarin batir, cajar waya, ruwan sha da akwatin taimakon gaggawa. Sai ƙaramin shebur, abin kankare gilashi, da ƙaramin buhun yashi na zubawa ƙarƙashin taya idan tana santsi. Kar a manta wayar haɗa batir, domin sanyi kan kwantar da tsohon batir. Ruwan gilashi kuwa a sa marar daskarewa.

Mai kada ya gaza rabin tanki.

Abin da ya fi muhimmanci: idan kun maƙale, ku share ƙanƙarar bakin salansa kafin ku tada inji. In ta toshe, hayaƙi mai guba, wanda ba shi da wari, zai dawo cikin mota. Ku kunna inji minti 10 kacal kowace awa, taga a ɗan buɗe.

Allah ya tsare mana hanya. Mun gode.

Shugabannin rukuni