A riƙa jin shaidar masu sana'a kafin a ɗauki ma'aikaci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka in faɗi abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Ni bakanike ne a Argungu, aikina gyaran injin ban-ruwa da na casar shinkafa. Akwai yaron da ya shekara tara a hannuna kafin in yaye shi. Da jin kukan inji zai gaya maka fulogi ne, ko kabireta, ko kuwa ringi ya cinye. Bara wata masana'anta ta nemi masu kula da injuna, ya je. Ko sifana ba a miƙa masa ba aka sallamo shi, wai ba shi da kwali.

Kada a ce ina ƙin boko. Ɗana na cikina yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, kuma da kuɗin gyaran injin nan nake biya masa. Sai dai kwali shaida ce ta cewa mutum ya zauna a aji. Ko hannunsa ya faɗa, wannan sai wanda ya san aikin zai iya faɗa. Iyayenmu sun san haka. Shi ya sa kowace sana'a take da sarkinta, Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Fawa. Baƙon maƙeri in ya sauka a gari, 'yan'uwansa maƙera ke duba garmar da ya ƙera su ce ya iya ko da saura.

Na san Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya tana da gwajin sana'a mai mataki uku, hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa (NBTE) da ke Kaduna ma tana da tsarin da ke ba wanda ya koyi aiki a gareji takardar shaida. To mu nawa muka ji labari a nan? Me zai hana a sa ƙungiyoyinmu a ciki, gogaggu uku ko huɗu su ajiye wa mutum mataccen inji, su zuba masa ido har ya tayar da shi, su sa hannu, ma'aikata ta karɓi wannan shaidar?

Za a ce son kai zai shigo, kuma gaskiya ne, mun san halinmu. Don haka kada ubangidan yaro ya zauna cikin masu gwada shi. A kawo su daga Jega ko Yauri. Wanda aka kama ya shaidi ragon ma'aikaci, a cire shi, kada ya sake sa wa kowa hannu.

Yaron nawa yana fadama yanzu, ga noman rani ya kama, manoma har layi suke yi masa. Amma har yau yana tambayata ko an sake buɗe ɗaukar aiki.

Naka,
Wani bakanike,
Argungu, Jihar Kebbi