Furobayotik ba maganin kowane ciwon ciki ba ne

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja hankalin jama'a game da kafson furobayotik da ake tallarsa a kyamis da Facebook a matsayin maganin basir, kumburin ciki da duk abin da ya dami hanji.

Furobayotik ƙwayoyin halitta ne masu rai, sai an sha adadin da ya isa suke amfani. Kowane iri da aikinsa. Inda aka fi ganin amfaninsu shi ne rage gudawar da ke biyo bayan shan antibayotik irin su amoxicillin, domin maganin ba ya bambance ƙwayar cuta da ƙwayoyin da ke taimaka wa hanji. Iri biyu aka fi bincike a kansu: Saccharomyces boulardii, wanda yis ne, da Lactobacillus rhamnosus GG. Kwalin da bai rubuta cikakken sunan irin da adadin ƙwayoyin ba, a bar wa mai shago kayansa.

A fara sha ranar da aka fara antibayotik, a ci gaba har mako ɗaya ko biyu bayan an gama. Na Lactobacillus a ba da tazarar awa biyu tsakaninsa da antibayotik, in ba haka ba maganin zai iya kashe shi, an yi asarar kuɗi ke nan. Boulardii kuwa antibayotik ba ya taɓa shi, amma fluconazole, maganin cututtukan yis, na kashe shi. Babba yakan sha miligiram 250 na boulardii sau biyu a rana. Kada a zuba a shayi ko kunu mai zafi.

Zafi ne babbar matsalarmu. Kafson da ya yi watanni a kanta cikin zafin Afrilu na Kano ko Sakkwato, ko a firjin da wuta ke zuwa masa jefi-jefi, ƙwayoyinsa kan mutu alhali kwalin na nan garau. A duba umarnin ajiya, ranar ƙarewar aiki da lambar NAFDAC.

Iyaye mata, wannan naku ne. Yaro mai gudawa ruwan ORS yake buƙata, da zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, ko miligiram 10 ga wanda bai kai wata shida ba. Manyan gwaje-gwaje biyu da aka wallafa a 2018, a Amurka da Kanada, sun nuna furobayotik bai gaggauta warkewar yara masu amai da gudawa ba.

Mai yawan kumburi da murɗawar ciki zai iya gwada iri ɗaya na mako huɗu. Iska na iya ƙaruwa a kwanakin farko. Idan wata ya cika babu sauyi, ya daina. Kindirmo ma na ɗauke da irin waɗannan ƙwayoyi, amma a tabbata an tafasa madarar kafin a kwantar da ita. Ɗanyar madara na iya ɗauke da tarin fukan shanu.

Bakwaini, masu shan maganin ciwon daji da duk mai raunin garkuwar jiki kada su sha sai da izinin likita, domin ƙwayar furobayotik ɗin na iya shiga jini. Jini a bayan gida, rama ba dalili, zazzaɓi, ko gudawar da ta haura mako biyu, asibiti za a nufa a yi gwaji.

Naka,
Wani mai harhaɗa magunguna, Kano