Takardar koke zuwa ga Mai Martaba Sultan Mai Wurno kan tara robobin gida

Assalamu alaikum. Allah ya ja zamanin Sarki.

Mu masu tara roba da matan gida na garin Mai Wurno, jihar Sinnar a ƙasar Sudan, muna roƙon a ware mana fili kusa da kasuwa, mai shinge da rufin kwano da sikeli, inda jama'a za su riƙa kawo robar gidajensu.

Ranka ya daɗe, duk damina gora da leda ke toshe magudanai, ruwa ya kwanta a lunguna, sauran ya gangara Kogin Nilu. Akuya ta haɗiye leda, ta yi ta ramewa, sai an yanka a tarar da dunƙule a tumbinta.

Mai saye ba ya karɓar roba a cakuɗe. A gindin yawancinsu akwai lamba. Lamba 1 gorar ruwa da ta lemo ce, 2 jarka, 5 kuwa bokiti da kujera da wasu murafe. Bututun ruwa mai lamba 3 idan ya shiga cikin gora, ko kaɗan ne, yana ɓata narkin gaba ɗaya. Don haka tun daga gida za a ware: a ɗauraye, a cire murfi, a shanya, a taka gorar ta baje. Gorar rabin lita sai an tara fiye da 50 kafin ta cika kilo ɗaya. In ba a taka ta ba, iska kawai amalanke zai ɗauka, kuɗin dako ya cinye riba. Mai zuba yashi don ƙara nauyi kuwa farashin kowa yake karyawa.

Rufin da muka ambata wajibi ne. Ruwan sama in ya kwanta a gora, cikin kwana 7 zuwa 10 sauro ya ƙyanƙyashe, ga zazzaɓin dengi. Dole kuma a kwashe kaya duk mako.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne jarkokin maganin ƙwari na gona, waɗanda wasu ke zuba ruwan sha a ciki. A ɗauraye su sau uku, a huda gindinsu, a ajiye su daban.

Muna kuma roƙon Sarki ya umarci masu unguwanni su hana ƙona roba kusa da gidaje, hayaƙinta na shaƙe yara da masu asma. Limamai su sanar ranar Juma'a, a kuma isar da kokenmu ga hukumar mahalliyya, wato ƙaramar hukuma.

Allah ya ƙara wa Sarki lafiya.

Masu biyayya,
Masu tara roba da matan gida na Mai Wurno