Amsa ga ƙanena: sakandare mai zaman kanta ta girmi ta gwamnati

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar taron iyayen yara ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni, tunda na tsufa ina koyar da tarihi, ko ba lalacewar makarantun gwamnati ce ta haifi sakandare mai zaman kanta ba. Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Ga shi a rubuce.

Ka ɗauko zancen daga wutsiya. Sakandare mafi tsufa a Nijeriya ita ce CMS Grammar School ta Legas, makarantar ƙungiyar mishan ta cocin Angilikan (CMS), wadda aka buɗe ranar 6 ga Yuni 1859, shekara biyu kafin Ingila ta mamaye Legas. Gwamnatin da kake cewa ta lalace ko cikinta ba a ɗauka ba. Makarantun gwamnati sun biyo baya: King's College ta Legas sai 1909, Kwalejin Katsina da ta zama Barewa kuwa sai 1921.

Abin da ya fi burge ni, ba Bature ya kafa ta ba. Wani limamin coci ne, Thomas Babington Macaulay, haifaffen Saliyo, ɗan bayin da aka 'yanta. Mijin 'yar Bishop Samuel Ajayi Crowther ne, kuma shi ya haifi Herbert Macaulay, mai hoto a jikin kwandalar naira ɗaya da yaran yanzu ba su sani ba. Wani attajiri, kyaftin ɗin jirgin ruwa James Davies, ya ba shi fam 50 na littattafai da kayan aiki, ya fara da ɗalibai shida kacal. Thomas Macaulay ne ya riƙe makarantar har ya rasu a 1878.

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓe makarantun mishan. Mu ma nan Arewa mun shaida: St. John's ta Kaduna ta koma Kwalejin Rimi, St. Paul's ta Wusasa ta koma Kufena. Ita CMS, wadda yanzu take Bariga, sai 2001 gwamnatin Tinubu a Legas ta mayar wa cocin Angilikan abinta.

Inda kake da gaskiya shi ne waɗannan da ke tsirowa a lungunanmu, gidan haya mai ɗaki huɗu, ba filin wasa, ba ɗakin gwaje-gwaje. Su kam ajin gwamnati da ya cika ya tumbatsa ne ya kawo musu kasuwa. Amma don Allah kada ka haɗa su tsatso ɗaya da ta Macaulay.

Ka gaida iyali.

Yayanka, tsohon malamin tarihi